Gwangwanin Ƙarfi a Bakin Kwara

Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin ruwa a Yelwa ta Yauri ranar kasuwa, sa'ad da jirage ke isowa daga ƙauyukan tafki, ba ya bukatar a gaya masa mutanen wannan ƙasa ƙarfafa ne. Zai ga yaro ɗan shekara 15 ya tuƙo kwale-kwale shaƙe da buhunan albasa, ya kawo gaci, ya ɗaure, ya shiga saukar da kaya kamar wanda yanzu ya tashi daga barci. Zai ga dattijo fari fat da furfura ya sungumo kwandon banda, ƙirjinsa kamar an sassaƙo daga ƙirya. Babu ɗayansu da ya san sunan tsokar da ke motsi a damtsensa, balle ya auna ta da igiya. Filafili da taru da garma su ne suka gina su, su kuwa ba su taɓa ɗaukar wannan abin magana ba.

Tun kafin a datse Kwara a Kainji, Gungawa, watau mutanen da ke zaune a gungunan tsakiyar kogi, sun yi suna wajen tuƙi da kokawa. Da aka gama madatsar a 1968 ruwa ya hau, ya ci gunguna da gonakin albasa masu yawa, aka ta da mutane wajen 44,000 aka mai da su sababbin garuruwa da ƙauyuka a gefen tafki. Gidaje sun nutse, amma al'adar gwada ƙashi ta biyo masu ita zuwa tudu. In kaka ta yi samari na fita fage, in kuwa bikin Rigata ya zo, jirage na tsere a gaban Sarkin Yauri, kowane ƙauye na so a ce matuƙansa ne suka fara taɓa gaci.

A ɗaya daga cikin waɗannan ƙauyuka, a ƙasar Ngaski, ba nisa da Wara, akwai wani saurayi ɗan shekara 22, maraya, wanda kawunsa ya rena tun yana ƙarami, suke su tare a jirgi guda. Abu biyu ke ci masa tuwo a ƙwarya. Na fari yana so a sa shi cikin matuƙan ƙauyensu ranar Rigata. Na biyu akwai wani ɗan kokawa na ƙauyen gaba wanda ya ka da shi sau biyu, shekara biyu jere, a gaban 'yan mata, cikinsu har da wadda yake nema. Ga shi kuma tun bara yana jin jikinsa ba yadda ya saba ba: in ya yi tuƙi kaɗan sai haki, in ya miƙe da sauri sai jiri. Bai gaya wa kowa ba, gama a wurinsa wannan abin kunya ne.

Ran nan ya kai kifi Yelwa, sai ya tarar da waɗansu samari a bayan wani gareji suna ɗaga ƙarfe. Sun sami bututu, sun zuba siminti a manyan gwangwanaye biyu sun kafa shi tsakani, suna ɗagawa suna ƙirgawa. Suka nuna masa hotunan waɗansu ƙatti a waya, kowane ƙwanjinsa kamar tulu. Ɗayansu ya ja shi gefe ya ce masa asirin mutanen nan ba a ƙarfen yake ba, yana cikin wani gari da ake sayarwa a gwangwani, a dama da ruwa a sha. Saurayi ya tambayi kuɗinsa, aka faɗa masa, ya yi shiru, domin daidai yake da abin da ya yi wata 4 yana tarawa, rabonsa na sabon taru da suka yi niyyar saye shi da kawu. Ya je ya komo, ya je ya komo, daga bisani dai ya ƙirga ya bayar. Mai kaya ya ji daɗin ciniki, har ya yi masa gyara da waɗansu ƙwayoyi ƙulle a leda, ba kwali, ba suna, ya ce kowace safiya ya haɗiya biyu, zai ba da labari.

Don ya mai da kuɗin tarun kafin kawu ya farga, sai ya shiga sayar da duk abin da ya kamo. Dā akan ware karfasa ko ƙurungu ko tarwaɗa don tukunyar gida. Yanzu har su sai ya miƙa wa 'yan sari masu kai banda Kudu. Shi kuwa ya koma shan garin kwaki da rana, da dare tuwo da miya lami, da safe ya dama cokali guda na garin gwangwani a ɓoye bayan rumbu.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kawu ya tsinci gwangwanin, ya zauna da shi a ƙofar gida har saurayi ya dawo.

Ya ce, "Kai, ɗan nan, mene ne wannan?"

Saurayi ya durƙusa ya ce, "Maganin ƙarfi ne, Kawu. Daga Turai ya zo."

"Nawa?"

Ya faɗa. Tsoho ya daɗe yana kallon gwangwani, sa'an nan ya ce, "Watau tarun namu ke nan a ciki." Ya buɗe, ya lakato da yatsa ya ɗanɗana, ya ce, "Wannan ai madara ce da sukari."

Tsohon nan bai yi karatun boko ba, amma harshensa bai yi kuskure da yawa ba. In Bafilatana ta yi cuku, akwai wani ruwa tsararo da ke tsatsowa bayan nono ya dunƙule. A ƙasashen da ake yin cuku da yawa, dā wannan ruwa zubar da shi ake yi ko a ba dabbobi. Daga baya aka koyi tace shi, a busar, ya zama gari, a sa masa zaƙi da ƙamshi, a zuba a gwangwani mai hoton ƙato. Mafi yawan garin da samari ke saye shi ke nan. Abinci ne, mai kyau kuwa, gama cike yake da furotin, watau sinadarin da jiki ke gina tsoka da shi. Amma wanda ya kira shi magani ya ba shi sarautar da ba tasa ba.

Kawu bai yi faɗa ba. Shi ma ɗan kokawa ne a zamaninsa, ya san zafin kaye, ya kuma san ba yau samari suka fara neman ƙarfi a wajen jikinsu ba. Ya ba yaron labarin wani tsoho na gungunsu, tun kafin ruwa ya ci shi, wanda ke haɗa wa samari jiƙo na saiwoyi da sassaƙe, mai ɗaci kamar maɗaci. Ba ya bayarwa sai da sharuɗɗa. Za ka sha da asuba, ka shiga jirgi kai kaɗai ka tuƙa gaba da ruwa har gungu na gaba, ka komo kafin rana ta yi zafi. Kowane mako ka ƙara nisa. Ka sha fura da nono, kada ka tashi daga akushi sai ka ƙoshi, kada ka ƙi kifi ko wane iri ne. In an yi isha ka kwanta, ba hira, ba dandali. Haka har kwana 40. Kawu ya ce, "Na sha, na kuwa yi kaye. Har yau ban sani ba ko saiwar ce ta yi aiki ko sharuɗɗan. Abin da na gani da idona dai, duk wanda ya sha ya karya sharaɗi, sai da bayansa ya taɓa ƙasa."

Tsohon gungun nan, Allah Ya jiƙansa, ko dai ya san abin da yake yi ƙwarai, ko kuwa ya yi gamo da katar, domin abin da masana aikin jiki suka tabbatar bai wuce sharuɗɗansa ba. Tsoka ba ta girma sai an ɗora mata abin da ya fi wanda ta saba ɗauka. In an wahalar da ita haka, sa'ad da mutum ya huta, musamman cikin barci, jiki yakan gyara ta ya mai da ita ta fi dā kauri, don kada gobe a sake ba ta kunya. Gobe kuma a ƙara mata nauyi kaɗan. Mutanen Girka na dā suna da labarin wani shahararren ɗan kokawarsu, Milo, wai kullum yakan saɓa ɗan maraƙi a kafaɗa ya zaga da shi, maraƙi na girma shi ma yana girma, har ran da aka gan shi ɗauke da bijimi. Ko gaskiya ne ko almara, ma'anar ta fito. Furotin kuwa a cikin wannan aiki kamar tubali ne a wurin gini. Ba a yin ɗaki sai da shi, amma jibge tubali a ƙofar gida ba ya ta da bango in babu magini, in kuma ɗaki ya sami iyakar abin da yake bukata, sauran tsibi ne kawai.

To, nawa ne iyakar? An auna. Mutumin da ba ya aikin ƙarfi, abin da aka ƙayyade masa a yini shi ne giram 0.8 na furotin ga kowane kilo na nauyin jikinsa. Mai ɗaga ƙarfe yana bukatar fiye da haka. A 2018 waɗansu masana, da yawansu na Jami'ar McMaster ta ƙasar Kanada, suka tattara gwaje-gwaje 49 da aka yi a kan mutum 1,863 masu ɗaga ƙarfe, suka duba abin da ƙarin furotin ya yi musu. Suka tarar yana da amfani, amma ɗan kaɗan: tsokar da masu shan ƙari suka fi sauran da ita ba ta wuce kimanin giram 300 ba, bayan makonni ana fama. Suka kuma tarar in abin da mutum ke ci a yini ya kai wajen giram 1.6 ga kowane kilo, ƙarin da ya biyo baya ba ya ƙara kome a zo a gani. Babban rabo na ƙarfin da aka samu daga ɗaga ƙarfen ya fito, masu sha da marasa sha duka.

Saurayin nan nauyinsa kilo 70 ne, saboda haka lissafinsa giram 112 ke nan a yini. Cokalin gwangwani guda yana ba da wajen giram 24. Tsokar ɗanyen kifi kuwa, kowane giram 100 nata na da furotin giram 18 zuwa 20, rabin kilo ke nan ya kusa biyan bukatar yininsa duka. In an yi banda ko an shanya ya bushe ƙayau, fiye da rabin nauyinsa furotin ne. Ƙuli-ƙuli, wanda ake rainawa a ce abincin almajirai ne, yana da fiye da kashi 40 cikin 100. Wake na da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, ƙwai guda giram 6, ga nonon Filani da ke zagaya ƙauye kowace hantsi, gero ma da dawa ba su rasa nasu ba. Ashe yaron nan kullum yana kwashe furotin kwando-kwando yana miƙa wa 'yan sari a araha, don ya biya kuɗin cokali guda da aka ɗauko masa daga bayan teku. Da a ce ya bar tukunyar gida yadda take bai sayi kome ba, da ya fi samun abin gina jiki nesa ba kusa ba.

Kada a ce garin ba shi da ranarsa. Ɗalibin da ke kwana a makaranta a birni, inda nama sai ran salla, ko mai wasa da ke kan hanya kullum, ko tsohon da haƙora suka gaza masa ya daina cin abin kirki, duk yana yi musu amfani, gama ba ya lalacewa, ba ya bukatar wuta, kuma an san ma'auninsa. Gurbi yake cikewa. Masuncin da ke kwana da ƙarnin kifi a hannu ba nan gurbinsa yake ba.

Cikin tarin abubuwan da ake tallatawa da sunan ƙarin ƙarfi, waɗanda gwaji ya tsaya musu ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. Babbansu shi ne kiriyatin. Wani Bafaranshe masanin haɗa sinadarai, Chevreul, shi ya fara gano shi cikin nama a 1832, amma bai yi tashe wurin 'yan wasa ba sai bayan gasar Olamfik ta Basalona a 1992. Jiki da kansa yana yin kimanin giram guda a yini, a hanta da ƙoda, yana kuma samun wani daga nama da kifi, ya ajiye kusan dukansa cikin tsoka. Aikinsa shi ne taimakon yunƙuri mai tsanani na ɗan lokaci, irin na daƙiƙa 10 ɗin nan da ɗan kokawa ke cicciɓar abokin karawarsa, ko farkon tashin jirgi a tsere. Mai shan giram 3 zuwa 5 a yini yakan iya ƙara ɗagawa ɗaya ko biyu a kan abin da ya saba, waɗannan kuwa in sun taru wata da watanni sukan zama ƙarfi. Nauyinsa kan ƙaru da kilo guda ko biyu tun farko, yawanci ruwa ne da tsoka ta riƙe. Ga mai lafiya ba a same shi da wata cuta ba, mai ciwon ƙoda ne ya kamata ya nemi shawarar likita tukuna. Amma tuƙin yini guda daga Wara zuwa Yelwa ba aikinsa ba ne, kuma an lura waɗanda ba sa cin nama da kifi su suka fi ganin amfaninsa, don rumbunsu ne ke da sarari.

Na biyu kuwa kakanninmu sun riga kowa saninsa. Fataken da ke dawowa daga Gwanja da jakuna ɗauke da goro, waɗanda da yawansu ta wajen Yauri suke ƙetare Kwara, sun san in tafiya ta yi nisa ɓarin goro na kore gajiya. Sinadarin kafeyin da ke cikinsa, wanda ke cikin kofi da shayi, shi ne dai ake zubawa cikin yawancin abin shan da ake sayar wa masu motsa jiki da tsada. Kimanin miligiram 200 ya ishi mutum mai kilo 70 kafin wasa. Sai dai bashi ne yake ci daga barci, barci kuwa shi ne lokacin gini, don haka wanda ya ci goro bayan la'asar ya rushe da dare abin da ya ɗora da rana.

Ƙwayoyin bitamin ba su bukatar dogon bayani. Wanda ya rasa wani, in an ba shi yakan warke. Wanda ke cin zogale da kuka da rama da manja da ƙananan kifayen nan da ake taunawa har ƙaya, in ya sha ƙari, da yawansu fitsarinsa kawai za su canza wa launi.

Saura ƙullin ledar nan na gyara, wanda Kawu bai gani ba, domin a aljihu yake kwana. A nan hatsarin yake. Ƙa'idar kasuwar nan ita ce, abin da ba shi da cutarwa aikinsa a hankali yake, abin da ya yi aiki nan take har mutum ya ba da labari kuwa sai a tuhume shi. A Amurka, inda yawancin gwangwanayen ke fitowa, dokar da aka yi a 1994 ba ta tilasta wa mai kamfani ya nuna wa hukuma kayansa na aiki kafin ya kai kasuwa ba. A farkon shekarun 2000 wani ɗakin gwaji a birnin Kolon na Jamus ya sayo irin waɗannan kaya guda 634 daga ƙasashe 13 ya bincika, ya tarar 94 daga ciki, kusan kashi 15 cikin 100, suna ɗauke da sinadaran sitiroyid waɗanda ba a rubuta a jikin kwali ba. Wannan a kayan da ke da kwali ke nan. A Nijeriya akwai hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, lambarta a jikin kaya na da amfani ƙwarai, amma ba shaida ce ta cewa abin zai ba da ƙarfi ba, mazambata kuma sun iya buga lamba. Ƙwayar da ta zo tsirara a leda ba ta da ko wannan.

Sitiroyid dai yana kumbura tsoka, babu musu, shi ya sa aka ƙwace lambar zinariyar Ben Johnson a Seoul a 1988. Ladan da yake karɓa shi ne hanta, da zuciya, da hawan jini. Yakan sa marainan namiji su ƙanƙance, maniyyi ya ragu har haihuwa ta gagara, wani ma nono ya fito masa. Saurayin da ya sha don budurwa ta dube shi, bai san abin da ya jinginar ba. Akwai kuma irin ƙwayoyin nan da ake kira sha-ka-fashe, masu kumbura fuska da ciki da ruwa da kitse, alhali tsokar ma cinye ta suke yi. Wadda ta fi yawa a hannun leburori da masu haƙar zinariya da 'yan acaba ita ce tiramol. Maganin ciwo ne mai ƙarfi, dangin ofiyom, ba ya ƙara wa tsoka ko ƙwayar zarra, iyakarsa ya toshe kunnen mutum kada ya ji kukan jikinsa. Binciken da aka yi a Nijeriya a 2018 tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi ya ƙiyasta mutum miliyan 4.6 ne suka sha irin waɗannan magunguna ba da umarnin likita ba cikin shekara guda. Tun daga Janairun 2024 hukumar duniya mai hana magudin ƙwaya a wasanni ta haramta shi lokacin gasa. Yana kama mutum ya kasa bari, in ya yi yawa kuma yakan jefa shi cikin jijjiga irin ta farfaɗiya. A tudu wannan abin tsoro ne. A cikin kwale-kwale tsakiyar tafki kuwa sai dai Allah Ya kiyaye.

Mako uku saurayi na haɗiyar ƙwayoyinsa yana murna, gama hakin nan da kasala sun yi sauƙi, yana yini tuƙi bai ji kome ba. Wata safiya suna jan tsohon tarunsu shi da Kawu, ya miƙe tsaye a goshin jirgi, sai duniya ta juya masa, ya faɗa ruwa kamar buhu. Mutumin da ya iya iyo tun kafin ya iya salla, ko hannu bai ɗaga ba. Tsoho mai shekara 70 da ɗoriya shi ya kai hannu ya cafko wuyan rigarsa, ya riƙe shi jikin jirgi yana kururuwa har maƙwabta suka iso.

Da suka kai shi asibiti, malamin da ya duba shi ya zazzage ledar a tebur, ya jujjuya ƙwayoyin, ya ce iri ɗaya ya gane, tiramol ne. Ɗayan kuwa babu mai iya faɗin abin da ke ciki sai an kai ɗakin gwaji. Ya janye fatar idon saurayi ya duba, ya ga ta yi fari, ya sa aka ɗebi jini. Namiji baligi in ma'aunin jininsa ya gaza 13 an ce yana da ƙarancin jini. Na saurayin ya gaza sosai. Malam ya ce, "Samari, kana ganin jini a ƙarshen fitsari?"

Saurayi ya sunkuyar da kai ya ce, "Tun ina yaro, Malam. Ai duk sa'o'ina haka ne."

Kawu ya sa baki ya ce, "Mu dā cewa muke alamar balaga ce."

Malam ya ce, "A'a, Baba, tsargiya ce."

Ya yi musu bayani. Wata 'yar tsutsa ce da ido ba ya gani, tana girma cikin ƙananan katantanwa masu son ruwa kwantacce mai ciyawa, irin wanda tafki ya yawaita a gefensa. In mutum ya shiga ruwa sai ta huda fata ta shige, ta zauna cikin jijiyoyin mafitsara tana zuba ƙwai, ƙwan ne ke tsaga hanya su fito da jini. Kaɗan-kaɗan ne, amma shekara 10 ana ɗiga ko randa ce ta yi ƙasa, in ta daɗe kuma takan lalata mafitsara da ƙoda. Ga zazzaɓin cizon sauro yana farfasa ƙwayoyin jini kowace damina. Jini shi ke kai wa tsoka iskar da take aiki da ita, saboda haka wanda jininsa ya yi ƙasa ko ya shanye gwangwani goma haki zai yi. Yaron na da gurbi a jikinsa da gaske, bai yi ƙarya ba da ya ji wani abu ya rage masa. Wurin cikewa ne ya ɓata.

Aka ba shi firazikwantel, maganin tsargiya, wanda ake sha rana guda gwargwadon nauyin mutum, shi ne ma ake raba wa yara a makarantu. Aka ba shi ƙwayoyin ƙarin jini masu sinadarin ƙarfe na wata 3, aka gargaɗe shi kada ya raba wa abokai, domin wanda jininsa ke cike in ya dinga sha cuta zai jawo wa kansa. Kuɗinsu duka bai kai na giwan ruwa matsakaiciya guda ba. Malam bai ɓoye musu ba cewa tsargiya za ta komo, tun da ba a raba masunci da ruwa, sai dai ya riƙa zuwa ana duba shi ana maimaita magani. Barin tiramol ɗin ma bai zo da sauƙi ba. Ya yi kwanaki yana gumi da ciwon gaɓoɓi da rashin barci, Kawu na zaune a bakin ƙofa da sanda a gefe, wai don karnuka.

Rigata ta bana a gaci ya kalle ta, cikin 'yan kallo, jirgin ƙauyensu ya zo na huɗu ba da shi ba. Taru kuwa sai bashi suka ci wurin wani ɗan sari, ana cirewa daga kamu. Kifi ya komo tukunya. Da jini ya fara dawowa, Kawu ya shiga ta da shi da asuba, ya nuna masa wata bishiya a wancan gefen ya ce ya taɓo ta ya komo, mako na gaba ya nuna wadda ta fi ta nisa. Jiƙon dai babu, gama tsohon da ya san saiwoyin ya tafi da saninsa. Da kaka ta zagayo ya fita fage ya gamu da mutumin nasa na ƙauyen gaba, suka sarƙe har makaɗa suka gaji, alƙali ya raba su canjaras.

Sauran garin, Kawu ya ce dukiya ce ba a zubarwa, ya sa a riƙa barbaɗa wa yaran gida a kunu har ya ƙare. Gwangwanin kuwa yana nan cikin jirgi, hoton ƙaton ya koɗe, da shi suke kwarfe ruwa.